Bita kan bikin F1 75 Live: an ga fenti da fuskokin direbobi, ba a ga motocin ba

A daren Talata 18 ga Fabrairun 2025, masu gudanar da gasar tseren motoci ta Formula 1 suka tara ƙungiyoyinsu goma da direbobi ashirin a zauren O2 da ke Landan, suka yi bikin da suka sa wa suna F1 75 Live. Dalilin taron biyu ne: buɗe sabuwar kaka, da kuma murnar cika shekara 75 da fara gasar, wadda aka yi tserenta na farko a filin Silverstone na Ingila ranar 13 ga Mayun 1950. Kafin 2025, kowace ƙungiya ita ke zaɓar ranarta da wurinta ta nuna sabuwar motarta, saboda haka wannan ne karo na farko da aka haɗa su duka a dandali guda. An sayar da tikitin shiga daga fam 58 zuwa fam 113, kuma ya ƙare cikin ƙasa da sa'a guda, yayin da aka watsa shirin kyauta a YouTube da ƙarfe tara na dare agogon Najeriya da Nijar. Tun da haja ce aka sayar wa 'yan kallo da sunan buɗe sababbin motoci, ya dace a auna ta da abin da ta yi alkawari.

Tsarin shirin ba shi da sarƙaƙiya. An ba kowace ƙungiya minti bakwai ta yi abin da take so da su, aka fara da Sauber wadda ta zo ta ƙarshe a 2024, aka rufe da McLaren wadda ta ci kofin ƙungiyoyi. Ɗan barkwancin nan na Ingila, Jack Whitehall, shi ya jagoranci taron, aka riƙa sako mawaƙa a tsakani, har da mawaƙiyar Najeriya Tems da ta fito a sashen Aston Martin. Ta fuskar haske da sauti da ɗaukar hoto, aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma kusan sa'o'i biyun da aka shafe ba su gundiri mai kallo ba.

Inda bikin ya fi cin nasara shi ne batun sauyin direbobi, kuma a nan sa'a ta taimake shi, domin da wuya a sami kakar da aka yi canje-canje kamar ta 2025. A cikin ƙungiyoyi goma, McLaren da Aston Martin ne kawai suka riƙe direbobinsu biyu yadda suke. Lewis Hamilton ya bar Mercedes bayan shekara goma sha biyu, inda ya ci shida daga cikin kofunan duniya bakwai da yake da su, ya koma Ferrari. An sanar da wannan sauyi tun 1 ga Fabrairun 2024, amma karanta labari daban, ganin mutumin da jajayen kaya a gaban jama'ar ƙasarsa kuma daban, kuma shewar da aka yi masa ita ce mafi ƙarfi a daren. Carlos Sainz, wanda aka ɗauke wa kujera domin Hamilton, ya fito da shuɗin Williams. Mercedes ta gabatar da Kimi Antonelli, ɗan Italiya mai shekara 18 wanda sai a watan Janairun shekarar ya sami lasisin tuƙa mota a titi. Haas ta zo da Esteban Ocon da Oliver Bearman, Sauber ta zo da Nico Hülkenberg da Gabriel Bortoleto, Alpine ta ƙara Jack Doohan, Racing Bulls ta ɗauki Isack Hadjar, sannan Red Bull ta sa Liam Lawson a gurbin Sergio Pérez. Ga wanda bai bi labarai a lokacin hutu ba, dare guda ya isa ya san wa ke tuƙa wa wa, kuma wannan amfani ne na gaske da babu wani shiri da ya taɓa bayarwa a dunƙule haka.

Sai dai ko a nan, masu shirin sun tsaya ne a kan fuska, ba su shiga dalili ba. Ba a gaya wa mai kallo me ya sa Red Bull ta fifita Lawson, mai tsere goma sha ɗaya kacal a bayansa, a kan Yuki Tsunoda da ya shafe kaka huɗu yana jira a Racing Bulls, ƙaramar ƙungiyar Red Bull ba, alhali wannan ita ce tambayar da kowa ke yi. Direbobin Red Bull, Max Verstappen da Lawson, ma ba su yi magana a sashen ƙungiyarsu ba, sai shugabanta Christian Horner, wanda 'yan kallo suka yi wa ihun ƙin jini har FIA, hukumar da ke tsara dokokin gasar, ta fito daga baya ta yi tir da abin. Tarihi kuwa bai jira ba: bayan tsere biyu aka mayar da Lawson Racing Bulls aka ba Tsunoda kujerar, bayan tsere shida Alpine ta sauke Doohan ta sa Franco Colapinto, a watan Yuli kuma aka sallami Horner kansa.

Babban raunin bikin yana kan motocin. Abin da aka tura kan dandali galibi ba motocin 2025 ba ne, tsofaffin motoci ne ko gangar jikin nuni da aka shafa wa sabon fenti, kamar a tara dangi kallon lefe a jere musu akwatuna a kulle. Ba a ɓoye wannan ba, domin tun farko an ce launuka za a nuna, amma mai kallon da bai saba da gasar ba zai tashi yana zaton ya ga sabuwar Ferrari, alhali bai gani ba. Dalilin ƙungiyoyin kuwa a fili yake. A ƙarƙashin dokokin ƙirar mota da aka yi aiki da su daga 2022 zuwa 2025, yawancin ƙarfin da ke danne mota ga ƙasa yana fitowa ne daga hanyoyin iska da aka sassaƙa a ƙarƙashinta, kuma babu injiniyan da zai yarda abokan hamayya su ɗauki hoton gefen wannan wuri mako guda kafin gwajin share fage da aka yi a Bahrain. Ƙari ga haka, 2025 ita ce shekarar ƙarshe ta waɗannan dokoki, tazarar da ke tsakanin motoci ta yi ƙanƙanta, kuma daga watan Janairu an ba ƙungiyoyi damar fara gwajin iska na motar 2026, don haka kowa na lissafin nawa zai kashe a wannan kaka da nawa zai ajiye wa ta gaba.

Abin takaici shi ne akwai labarin ƙira mai daɗi da za a iya bayarwa ba tare da tona asirin kowa ba. Ferrari ta sauya tsarin sandunan da ke haɗa tayoyin gaba da jikin motarta ta SF-25, ta bar na turi ta koma na ja, wanda McLaren da Red Bull suka riga suka yi amfani da shi, domin iska ta fi samun hanya mai tsabta zuwa ƙasan motar. Wannan babban sauyi ne ga ƙungiyar da maki 14 kawai suka raba ta da kofin 2024, kuma shi ne ya cancanci minti biyu daga cikin bakwai ɗinta. Daga baya an ga yadda tsayin motar daga ƙasa ya zame mata matsala: a tseren Sin aka soke sakamakon Hamilton saboda allon da ke ƙarƙashin motarsa ya cinye har ya gaza milimita 9 da doka ta ƙayyade, kwana guda bayan ya ci gajeren tseren Asabar. Haka nan FIA ta riga ta sanar da tsaurara gwajin fuka-fukan mota, wato faranta masu sarrafa iska da ke gabanta da bayanta, waɗanda ke lanƙwashewa idan mota ta yi gudu, na baya tun daga farkon kaka, na gaba kuma daga tseren Sifaniya. Mafi ƙarancin nauyin mota ya tashi daga kilo 798 zuwa 800, an kuma soke makin da ake ba wanda ya yi zagaye mafi sauri. Adrian Newey, mai ƙirar motocin da suka ci kofuna a Williams da McLaren da Red Bull, a lokacin yana gab da fara aiki a Aston Martin a watan Maris na 2025. Mai kallon bikin bai tashi da fahimtar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Game da fentin da aka zo nunawa, farin Racing Bulls ne ya fi ɗaukar ido, domin ya bambanta da kowa. Red Bull da McLaren kusan abin da aka saba gani suka maimaita, wanda ya sa ɗaga mayafin ya zama al'ada kawai.

Wanda yake son sanin ƙirar motocin ya sami abin da yake nema ne a wasu wurare, kuma ƙungiyoyin da kansu suka nuna haka. McLaren ta fitar da MCL39 a Silverstone tun 13 ga Fabrairu da fentin ɓad-da-kama, Williams ta biyo baya washegari, Ferrari kuma ta kai ainihin SF-25 filinta na Fiorano kwana guda bayan bikin Landan. Sannan aka yi gwajin kwana uku a Bahrain daga 26 zuwa 28 ga wata, inda kowace ƙungiya ke gudu da mota guda, wato kowane direba ya sami kwana ɗaya da rabi ne kawai kafin tseren farko a Melbourne. A can ne ake ganin ragar ƙarfe mai auna iska da ake ɗaura wa mota, da koren fenti mai ruwa-ruwa da ake shafawa domin iska ta zana hanyarta a jiki, kuma ko da wutar lantarki ta ɗauke a ranar farko ta tsayar da aiki kusan sa'a guda, sa'a ɗaya ta wannan gwaji ta fi dukan daren O2 koyar da mai kallo. Sainz ne ya yi lokaci mafi sauri a makon, amma masu bin dogon gudu da tanki cike sun lura McLaren ce ke gaba, kuma ita ta ci kofin ƙungiyoyi, direbanta Lando Norris ya ci na direbobi.

A ganina, kuɗin tikitin ya halatta ga wanda ya je don ya ga taurari ashirin a wuri guda ya kuma ji waƙa, amma bai halatta ga wanda ya je don mota ba. Ga mai kallo ta waya da ke lissafin data, sashen Ferrari da na Williams da na Racing Bulls sun wadatar, sauran kuma ana iya tsallakewa. Idan masu gasar za su sake irin wannan taro, gyaran da ya fi sauƙi shi ne a wajabta wa kowace ƙungiya ta kawo shugaban injiniyoyinta ya yi minti biyu yana bayanin abu guda da ya sauya a motar da dalilin sauya shi, ko da a kan zane ne, tun da hotunan wannan sashe za su fito a Bahrain bayan kwana takwas ko ana so ko ba a so.