Layin Universal Credit ya ƙi shiga: a ci gaba da bugawa ko a rubuta musu?

Malam, Allah ya buɗa wata ƙofar da ta fi wadda ta rufe. Ka ce kana ta buga layin wayar Universal Credit, wato tallafin kuɗi da gwamnatin Birtaniya ke ba marasa aiki da masu ƙaramin albashi, ya ƙi shiga, kana tambaya ko ka ci gaba da bugawa ko ka rubuta musu. Tunda ka ce ka riga ka buɗe asusunka a shafinsu na intanet, ni shawarata ka huta da buga waya haka nan, ka rubuta musu a shafin saƙo da ke cikin asusun, wanda suke ce wa journal.

Lokacin da aka sallame mu daga wani ɗakin ajiyar kaya a Mancesta, kamfanin bai biya ni albashin ƙarshe da kuɗin hutun da ban ci ba sai da aka daɗe. Kuɗin ya faɗo cikin watan da ake yi mini lissafi, su kuma a ƙa'idarsu duk fam ɗaya da ka samu na albashi, bayan ɗan adadin da suke ɗauke wa masu yara kai, ana rage maka peni 55 daga tallafin. Da na buɗe bayanin abin da za a ba ni, ko rabin kuɗin haya bai kai ba. Gabana ya faɗi. Bayan sallar isha'i, yara sun yi barci, na zauna a kicin na rubuta layi biyar kacal: ranar da na bar aiki, ranar da kuɗin ya shiga banki, da adadinsa. Kwana biyu sai ga saƙo a waya cewa an amsa. Wata baiwar Allah ce ta warware mini lissafin dalla-dalla, ta ce wannan watan ne kawai abin ya shafa. Ko kwabo ba a ƙara mini ba, don lissafinsu daidai ne, amma washegari na miƙa wa mai gidan hayarmu wayata ya karanta amsar da idonsa, ya ɗaga mini ƙafa zuwa wata mai kamawa. Da a waya aka gaya mini, me zan nuna masa?

Duk abin da ka rubuta a nan yana zaune da kwanan watansa. Idan ba za ka samu zuwa ganawarka a Jobcentre, ofishin gwamnati na masu neman aiki, ba, ka rubuta dalili tun kafin ranar, shi ne shaidarka idan maganar yanke kuɗi ta taso. Haka nan in an yanke hukuncin da ba ka yarda da shi ba, kana da wata ɗaya ka nemi a sake dubawa, kuma nan ma a rubuce za ka iya nema.

Ita waya, to, tana da ranarta: in asusun ya ƙi buɗuwa, ko in rubutun Turanci na ba mutum wahala yana son a haɗa shi da tafinta. Lambar ita ce 0800 328 5644, kyauta ce, Litinin zuwa Juma'a, 8 na safe zuwa 6 na yamma. Ka kira da layin da ka sa a asusun, ka buga ana buɗewa.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa, don ya ci ni. Kada ka nemi lambar a Google ka danna ta farko da ta fito. Akwai masu sayen talla su sa lambobi masu farawa da 084, 087 ko 09, su haɗa ka da wannan layin na kyauta, suna cajinka kowane minti, har da mintocin da kake zaman jira. Sai da takardar kuɗin waya ta zo na gane ɓarnar da aka yi mini, a watan da nake ƙirga kuɗin madara. Daga gov.uk, shafin gwamnati na intanet, kaɗai ake ɗaukar lamba.

Sai kuma masu cewa ka ba su bayananka su “fito maka da kuɗi cikin kwana uku” su cire kasonsu. Biyan farko yakan ɗauki kusan mako 5, abin da suke fitowa da shi kuɗin kafin-alƙalami ne, bashi ne a wuyanka da za a riƙa cirewa har tsawon wata 24. Kai da kanka za ka iya nemansa a asusunka, in kuma taimako kake so ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice suna yi kyauta.

Ga 'yan'uwa da ke karantawa masu bizar karatu ko ta aiki, ku duba sharaɗin bizarku tukuna. In an hana ku taɓa kuɗin tallafin gwamnati, Universal Credit yana ciki, nemansa na iya ɓata muku takardu.

Kai dai Malam, yau da dare ka rubuta. Tambaya ɗaya a saƙo ɗaya, da kwanan wata da adadin kuɗi, ka ɗauki hoton allon ka ajiye. In mako ya zagayo shiru, sannan ka buga, ka fara da gaya musu ranar da ka rubuta.