Sharhi: Na shiga Batavia, jirgin da aka sake ƙerawa a Lelystad

Duk wanda ya je Holan yana da sha'awar tarihi, ina ba shi shawara ya ware rabin yini ya leƙa Lelystad. Daga Amsterdam tafiyar ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa, sai ka ƙarasa bakin ruwa a bas. A can Batavia yake, kwafin wani jirgin ruwa na fatauci na VOC, kamfanin Holan mai kasuwanci da ƙasashen Asiya a da, wanda aka ƙera na asalinsa a 1628.

Wani gwanin sassaƙar jiragen ruwa mai suna Willem Vos ne ya jagoranci aikin kwafin, daga 1985 zuwa 1995, tare da matasa masu koyon sana'a. Sun bi hanyar ƙira irin ta mutanen da gwargwadon iko. Shi ya sa tun kafin ka hau, warin kwalta da na tsohon katako ke tarbar ka. A harabar wajen akwai maƙera da wurin sassaƙa, kuma na daɗe a tsaye ina kallon yadda ake fitar da fuskar mutum daga kututture.

Daga waje abin gwanin ban sha'awa ne. Tsawonsa ya haura mita 50, ga jan zaki a goshinsa, ga gumakan ado da aka sassaƙa aka shafe da fenti a bayansa. Ɗakin manyan jirgin ma a bayan yake, da tagogi da teburin cin abinci. A nan yawancin baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto.

Ni kuwa abin da ya biya mini kuɗin tikitina yana ƙasa. Idan ka wuce benen da aka jera igwa, ka ƙara gangarawa, za ka tarar da inda sojojin kamfanin ke kwana. Rufin bai kai ƙirjin babban mutum ba. Dole ka duƙa, wani wurin har sai ka yi rarrafe, ga duhu, ga iska ba ta shiga. Kafin wani lokaci bayana ya fara ciwo, alhali waɗancan bayin Allah wata takwas ko fiye suke yi a hanya kafin su isa Batavia, garin da yau ake kira Jakarta. Mutum sama da 300 ne a cikin jirgin na asali. Makewayin talakawan jirgin kuwa a can goshi yake, a fili, rami ne kawai a jikin katako, da wata igiya da ke reto cikin teku wadda kowa ke jawowa ya goge jikinsa da ita. Da na ga wannan sai na ce Allah Ya saka wa buta da alheri.

Duk wannan wahala a kan me? Masoro, kanumfari, kirfa da danginsu, irin kayan ƙamshin da muke jefawa a shayi da kunu ba tare da wani tunani ba. A lokacin tsadarsu a Turai ta isa a kashe rai a kansu, kuma an kashe. Kamfanin, wanda aka kafa a 1602, ya kusa ƙarar da mutanen tsibiran Banda, da ke Indonesiya ta yau, a 1621 ƙarƙashin gwamnansa Jan Pieterszoon Coen, don kawai ya mallake cinikin.

Shi kansa Batavia na asali bai taɓa isa inda ya nufa ba. A tafiyarsa ta farko, ranar 4 ga Yuni 1629, ya yi karo da duwatsun ƙarƙashin ruwa a tsibiran Houtman Abrolhos, yamma da Ostireliya. Shugaban tafiyar, Francisco Pelsaert, ya shiga kwalekwale ya tafi neman agaji. Bayan tafiyarsa wani jami'in kamfanin, Jeronimus Cornelisz, ya ƙwace iko, shi da yaransa suka hallaka mutum fiye da 100, har da mata da ƙananan yara. Wani soja, Wiebbe Hayes, ne ya tara 'yan'uwansa suka yi masa turjiya har Pelsaert ya dawo, aka rataye Cornelisz a can. Na san labarin tun kafin in je, amma sai da na duƙa a wancan kurkukun na ƙasa na fahimci yadda zukatan mutane za su iya bushewa haka.

Matakalan jirgin a miƙe suke kuma ƙanana, don haka babbar riga ko dogon zane zai ba ka wahala, mai ciwon gwiwa kuma ba zai ga ƙasan ba. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito, domin iskar bakin ruwan ba ta da wasa. Idan da yara za ka je, ka riƙe hannunsu a matakala. Ka kuma duba ranakun buɗewa a intanet kafin ka kama hanya.