Babban Farfesa ko Matashin Malami: Wa Ɗalibi Zai Riƙa?

Ɗaliban jami'a, musamman 'yan aji huɗu masu shirin rubuta kundin kammala digiri, sun sha tambayata: wa ya fi dacewa su riƙa a matsayin jagora, babban farfesa ko matashin malami?

Maganar lokaci ce ta fi damuna. Farfesa a jami'a irin Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya yakan haɗa koyarwa da zaman majalisar jami'a, da duba ɗaliban digiri na biyu da na uku, wani lokaci har da shugabancin tsangaya. Sai ɗalibi ya yi ta sintiri a ƙofar ofishinsa, babi ɗaya ya kwana biyu ba a duba ba. Matashin malami kuwa ana samunsa, yakan zauna da kai ya bi aikinka layi-layi, kuma bai manta wahalar ɗalibta ba.

Amma wajen nauyin suna, farfesa ya yi gaba. Takardar shaidarsa tana buɗe ƙofar gurbin ƙaro karatu, kuma gyaransa guda kan daidaita alƙiblar bincike gaba ɗaya.

Kowanne da haɗarinsa. Matashi kan samu tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya tafi ƙaro ilimi ana tsakiyar aiki, farfesa kuma kan tafi hutun bincike na shekara guda.

Ɗalibin da ya iya tsayawa da ƙafarsa, yake kuma hangen digiri na biyu, farfesa ya fi masa. Wanda har yanzu yake koyon tsara bincike, yana buƙatar a riƙe hannunsa mako-mako, ya nemi matashin malami.