Sharhi: kofin al'ada da abin da ma'auninsa ke tonawa

Wata bakwai ke nan ina amfani da kofin al'ada na silikon, irin wanda ake samu a wasu manyan shagunan magani na Abuja da wurin masu sayarwa ta intanet. Galibi ana yabonsa ne saboda ya raba mace da sayen audugar mata duk wata. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ƴan layukan da ke jikinsa, masu nuna mililita. Audugar mata da ƙunzugu shanye jini suke yi, su bar ki da ƙiyasi. Kofi tara shi yake yi, ki gani da idonki.

Ƙaramin yana ɗaukar mililita 20 zuwa 25, babban kuwa wajen 30. Kafin fara amfani a kowane wata a tafasa shi minti biyar zuwa goma a ruwa mai yawa, don idan ya kwanta a gindin tukunya zai ƙone. Ki wanke hannu, ki naɗe shi biyu, ki tsuguna, ki tura shi cikin farji yana fuskantar baya, ba sama tsaye ba. Idan ya buɗe sai ya kama jiki. Yawancin yoyon da ake kuka da shi daga abu biyu yake: ko dai bai buɗe ba, ko ƙananan hujojin da ke bakinsa sun toshe. Wajen cirewa kada ki ja wutsiyarsa kai tsaye. Matsa gindinsa tukuna iska ta shiga. Mai robar tazarar haihuwa ta cikin mahaifa ta fara tuntuɓar likita, domin jan kofin da ƙarfi na iya fito da ita. Kada ya wuce awa 12 a jiki, awa takwas ma ya fi. Wata biyun farko akwai fama, ba zan ɓoye ba, kuma ba kowace budurwa ce za ta saki jiki da shi ba. A banɗakin ofis buta ta wadatar, amma a unguwannin da sai an sayi ruwa wurin mai ruwa, a kula da tsabtar wanda za a ɗauraye shi da shi.

To, lissafin. Likitoci na ɗaukar zubar jinin da ya haura mililita 80 a al'ada ɗaya, wato cokalin shayi 16, a matsayin wanda ya yi yawa. Sai dai abin da ke taruwa a kofin ba jini zalla ba ne, haɗe yake da ruwa da ɓawon bangon mahaifa, jinin bai cika wuce rabi ba. Don haka wadda ta tara 90 kada hankalinta ya tashi. Amma wadda babban kofi ke cika mata cikin awa biyu, ko take ganin gudaji mai girman dabino, ko jinin ke wuce kwana bakwai, ko sai ta tashi tsakar dare ta zubar, wannan ba "haka jikina yake" ba ne. Cikin abubuwan da aka fi samu a bayansa akwai ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibiroid, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Akwai kuma kaurin bangon mahaifa, da matsalar sinadarin maƙoshi, da ciwon rashin daskarewar jini, wanda yakan bayyana tun al'adar farko.

Irin wannan zubar a hankali take cinye jini. Jiri, haki wajen hawa bene, bugun zuciya, da kwaɗayin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara, duk alamun ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Gwajin jini ne ke raba gardama: himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki ƙarancin jini ne. Maganin ƙarin jini kawai ba tare da gano inda yake tsiyaya ba, zuba ruwa ne a kwando.

Wani abu da nake yawan lura da shi: idan jini ya zarce, mu kan garzaya wurin malam a tambayi hukuncin salla, a ji cewa iyakar haila kwana 15 ne a mazhabar Malikiyya, abin da ya wuce jinin ciwo ne. Daidai ne. Amma tunda an ce ciwo, ai likita ma na da hakki a ciki.

Inda kofin ya gaza shi ne ba ya auna zafi. Ciwon marar da ke hana aiki ko makaranta, wanda bai jin ibufurofen, ko yake zuwa wajen bayan gida da saduwa, na iya zama endometiriyosis, wato tsirowar nama irin na bangon mahaifa a waje da mahaifar, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, kuma sau da yawa hoton ciki ba ya nuna ta. Haka kuma bai san da al'adar da ke tsallake kwana 35 ba, wadda idan ta haɗu da ƙuraje da gashin haɓa ake zargin matsalar ƙwan mace. Baƙin rai mai tsanani da ke zuwa mako ɗaya ko biyu kafin jini ya kuma gushe bayan ya fara, shi ma sai an rubuta shi kullum na wata biyu kafin likita ya iya yanke hukunci. Jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada biyu, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ba a jira a auna shi. A je a duba bakin mahaifa.

Shawarata a haɗa kofin da ƙaramin littafi: rana, mililita, gudaji, zafi daga 1 zuwa 10. Bayan wata uku a kai wa likitan mata, ko a Asibitin Ƙasa, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ko babban asibitin da ya fi kusa. Idan kuwa zazzaɓi mai zafi ya taso kwatsam da amai da ƙuraje alhali kofin na jiki, a cire shi nan take a wuce asibiti.