Tukunyar ruwan zafi ta lantarki a gidan abinci

Tukunyar dafa ruwa mai cin lita 20 da muka saya a wani shago a Sabon Gari ta dace da gidan abinci irin namu a Samaru, inda ɗalibai ke neman shayi tun da sassafe, musamman lokacin hunturu. Jikinta ƙarfe ne marar tsatsa, famfonta ba ya ɗiga, kuma idan ruwa ya tafasa takan kashe kanta, sannan ta sake kamawa da zarar ya fara hucewa.

Sai dai tana jan wuta ƙwarai. Ƙarfinta wat 2,500 ne, tana ɗaukar kusan minti 45 kafin ta tafasa idan an cika ta, saboda haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. Mai gyaran wutar da ya haɗa mana ita ya ja mata waya mai kauri da soket nata ita kaɗai, abin da mai shagon bai ambata ba lokacin ciniki, alhali kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. Ruwan burtsatse yana barin farin ɓawo a gindinta, muna wanke shi da ruwan lemon tsami.