An ɗaure min ƙashin baya da ƙarfe: abin da aikin ya gyara da abin da ya bari

Tunda aka yi min aikin haɗe ƙashin baya, duk mai ciwon bayan da ya ji labari sai ya tare ni da tambaya wai ya shiga ko kar ya shiga, to gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. A gajarce dai aikin ya yi min rana a ƙafa, a bayan kuwa sai dai a ce da sauƙi, kuma ko yau aka sake kawo min takardar zan sa hannu, amma fa ba kowa zan ce ya je ya kwanta a yanka shi ba, sam.

Ga yadda tawa take. Ƙasusuwan baya na ƙugu guda 5 ne, likitoci na ce musu L1 zuwa L5, to ni L4 ne ya zame gaba a kan L5, abin da suke kira sifondilolistesis, mataki na 1, wato zamewar ba ta wuce kashi 25 cikin 100 na faɗin ƙashin ba. A takarda kamar ba komai ba. Amma ramin da jijiyoyi ke bi ya tsuke, jijiyar da ke sauka ƙafata ta hagu ta matsu, zugi ya ɗauko daga ɗuwawu ya bi gefen cinya da gefen ƙwauri har babban yatsa, in na ɗan jima a tsaye ko na yi 'yar tafiya sai ƙafar ta yi nauyi ta mutu, dole in nemi wurin zama ko in sunkuya gaba kafin ya lafa. Har na ƙware wajen dafa mota ko teburi in duƙa ina latsa waya kamar saƙo nake dubawa alhali jira nake ƙafar ta dawo. Na yi fiziyo, wato atisaye da gashi na asibiti, wata da watanni, na sha maganin jijiya irin su firegabalin wanda ya riƙa sa ni jiri da barci a wurin aiki, an yi min allurar baya ta sitiroyid ta ba ni hutun 'yan makonni sannan ciwon ya dawo yadda yake.

Likitan tiyata na farko da na gani ko tashi tsaye bai ce in yi ba, hoton MRI kawai ya ɗaga ya kalla ya ce gaɓa biyu za a haɗe, in je in shirya. Raina bai kwanta ba na nemi wani. Shi na biyun kafin ma ya buɗe hoton sai ya ce, "Malam, tsakanin bayan da ƙafar wanne ne ya fi hana ka sakat?" Na ce ƙafa. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu, ya danna babban yatsana ya ce in ɗaga, ya ga na hagun ya fi rauni, sannan ya tura ni eksire a tsaye, ɗaya na sunkuya gaba ɗaya na gantsare. Dalilinsa shi ne MRI a kwance ake yin sa, kuma ƙashin da ke zamewa yakan ɗan koma wurinsa in mutum ya kwanta, sai hoton ya nuna abin da sauƙi. Da aka jera hotunan biyu a kan allo ni da ba likita ba na ga ƙashin ya motsa tsakaninsu. Ya ce gaɓa ɗaya ce kawai ke rawa, ta tsakanin L4 da L5, ita za a taɓa, sannan ya faɗa min maganar da har yanzu nake ganin ƙimarsa a kanta: "Ƙafar ina da ƙwarin gwiwa a kanta, bayan kuwa ba zan yi maka alkawari ba."

Wannan maganar ce ta sa na zauna na yi karatu kamar mai shirin jarrabawa, kuma abin da na gano ya ɗan girgiza ni. A Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta fitar da jagora a 2016 ta ce kar a yi wa mutum wannan aikin saboda ciwon baya zalla sai dai in cikin gwajin bincike ne. Tun a 2005 ma wani bincike a can Birtaniya a kan mutum 349 masu daɗaɗɗen ciwon baya bai samu wata hujja ƙarara ba cewa tiyatar ta fi tsayayyen shirin motsa jiki da horo. Ga kuma maganar hoto, wani nazari na 2015 ya nuna ko a cikin mutanen da ba abin da ke damun su, kusan kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 da kashi 96 na 'yan shekara 80 in aka yi musu hoto za a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya fara lalacewa. To ka ga don an nuna maka baƙin faifai a MRI ba shi ke nufin nan ne tushen ciwonka ba. Inda aka fi samun nasara shi ne irin nawa, ƙashi ya zame jijiya ta matsu ciwo na sauka ƙafa, babban binciken SPORT na Amurka da aka wallafa a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi. Amma ko a nan ɗin ma akwai ja-in-ja, don ana iya buɗe wa jijiyar hanya kawai ba tare da an sa ƙarfe ba, a 2016 bincike biyu suka fito lokaci ɗaya a mujallar New England Journal of Medicine, na Suwidin ya ce ƙarin haɗewar bai ƙara komai ba, na Amurka ya ce ya ɗan ƙara kuma ya rage yawan komawa tiyata, sai na Norwe a 2021 ya fi karkata ga na Suwidin. Na koma da wannan wurin likitan ina tsoron kar ya ji haushi, sai ya yi dariya ya ce da ƙashina ba ya motsi da buɗewar kawai zai yi min.

Aikin da aka yi min sunansa TLIF, ta baya ake shiga. Ana cire ɗan ƙashin da ya danne jijiyar, a kwashe faifan da ke tsakanin L4 da L5, a cusa wani ɗan keji a gurbinsa cike da ɓarɓashin ƙashi, sannan a ɗaura sukurori 4 na titaniyom da sanduna 2. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba ƙarfen ne maganin ba, shi kamar katakon da ake kafawa ne kafin siminti ya bushe, ainihin aikin jikinka ne zai yi shi, ƙashi ya tsiro ya haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya, kuma wannan yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara. In bai haɗe ba sukurorin na iya kwancewa ko su karye wata rana. Shi ya sa aka yi ta nanata min tambayar ko ina shan taba duk da na ce ban taɓa sha ba, don nikotin na daga cikin manyan abubuwan da ke hana ƙashin kamawa, aka duba sugana da bitamin D, aka kuma hana ni ibuprofen da diklofenak na wasu watanni saboda ana ganin suna rage saurin haɗewar. Takardar sa hannun ma sai da na karanta ta layi layi, ciwon ya iya ruɓa, jini ya iya daskarewa a ƙafa, fatar da ta lulluɓe jijiyoyin ta iya yagewa ruwan laka ya zubo, jijiyar kanta ta iya samun rauni. Alhamdulillahi ko ɗaya bai same ni ba.

Da na farfaɗo abu na farko da na lura zugin ƙafar babu shi. Amma bayan, wayyo. Kwanakin farkon nan kar wanda ya ce maka wasa ne, ko tari ka yi sai ka ji shi har ƙwaƙwalwa, ga robar fitsari ga wata robar da ke zuƙe jini daga wurin ɗinkin, kuma washegari da safe wata mai fiziyo ta zo ta ce tashi za ka yi. Na ce baiwar Allah kin san abin da aka yi min kuwa jiya? Ta ce ta sani, shi ya sa. Ita ta koya min yadda ake sauka daga gado, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka juya kafaɗa da ƙugu a tare kar ɗaya ya riga ɗaya, ka sauke ƙafafu ƙasa lokacin da kake tura kanka sama da gwiwar hannu, na riƙe firem, wato ƙarfen nan da ake dogarawa a yi tafiya, na yi taku kaɗan zuwa ƙofa ina gumi sharkaf. Wani abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kai shi ne magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, bayan gida ya gagara, kuma yunƙuri da sabon ɗinki a baya azaba ce ta daban, don haka ka nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko kar ka ji kunya.

A gida dokoki uku ne, kar ka sunkuya, kar ka ɗaga abu mai nauyi, kar ka murɗa jiki. Da jin su ka ce da sauƙi, sai ranar da sabulu ya suɓuce maka a banɗaki ka tsaya kana kallon sa. Safa da takalmi maiɗakina ce ke sa min, ita ke ɗauko duk abin da ya faɗi har sai da na samu sandar nan mai baki da ake ɗaukar abu da ita, gaskiya duk wanda ba shi da mai kula da shi na makonnin farko ya tsara wannan kafin ya sa ranar aiki. Zama ya fi tsayuwa wuya, minti 20 zuwa 30 ka ji dole ka miƙe. Tafiya ita ce babban magani, kullum ka ɗan ƙara kaɗan. Akwai lokacin da zugin ƙafar ya dawo da dare kamar ana jona min lantarki, hankalina ya tashi na ce shikenan aiki ya ɓaci, da na kira aka ce jijiyar da ta daɗe a matse takan kumbura ta yi ta tsiwa kafin ta kwanta, in dai ƙafar ba ta ƙara rauni ba kuma babu zazzaɓi in yi haƙuri, haka kuwa aka yi ya wuce da kansa. Aikin ofis na koma bayan kusan wata biyu, wanda aikinsa na ƙarfi ne kuwa ya sa a ransa wata 3 zuwa 6 ko fiye.

Ƙorafina a kan asibitin kaɗan ne amma yana nan. An sallame ni ba wata rubutacciyar takardar abin da zan yi da wanda zan bari, da baki aka faɗa min ina cikin mayen magani, rabi na manta. Maganin dare ma sai ka yi ta danna ƙararrawa. Sannan ni na riƙa bibiyar maganar komawa fiziyo da kaina.

Yanzu an wuce shekara, hoton ƙarshe ya nuna ƙashin ya kama. Ina tafiya mai nisa ba na neman abin dafawa, ina tsayuwa a layi kamar kowa, na daina maganin jijiya gaba ɗaya. Saman babban yatsan dai har yanzu a ɗan mace yake, likitan ya ce mai yiwuwa haka zai zauna. Bayan kuma yana nan da halinsa, da safe a sage nake tashi sai na ɗan zagaya, doguwar tafiya a mota tana tayar da shi, in na kwanta a wuri mai tauri ina jin kamar akwai wani abu a wurin. Tsoron da na yi na cewa zan zama sandararre bai tabbata ba, gaɓa ɗaya ce aka haɗe kuma yawancin sunkuyo daga kwatangwalo yake, ina ɗaure igiyar takalmina da kaina. Ana iya yi min MRI in buƙata ta taso tunda titaniyom ne.

Saboda haka in ciwonka a baya kawai yake, ba ya sauka ƙafa, ba a ga ƙashi na motsi ba, ni dai ban ga dalilin gaggawa ba, ka ba fiziyo na gaskiya da rage ƙiba haƙƙinsu tukunna, kuma ko wane ne ya ce a yi maka ka nemi ra'ayin likita na biyu, ka tambaye shi gaɓa nawa, me ya sa buɗewa kaɗai ba za ta isa ba, kuma wane ciwon ne takamaimai yake sa ran zai tafi. Inda ba a jira shi ne in fitsari ya tsaya ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi da wajen al'aura ya mutu, ko ƙafa na ta ƙara rauni tana jan ƙasa, wannan asibiti ne a ranar ko da tsakar dare ne, don jijiyoyin na iya mutuwa har abada.

Abin da ya rage min na damuwa shi ne maƙwabta. Tunda L4 da L5 sun daina motsi, gaɓar da ke samansu da ta ƙasansu ne ke ɗaukar ƙarin aikin, wasu mutanen bayan shekaru sai ita ma ta gaji a sake komawa tiyata. Tawa ta L3 da L4 dama an ga alamar ta fara ɗan sanyi tun kafin aikin, likitan ya ce ba abin taɓawa ba ne yanzu, in riƙe atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, in durƙusa da gwiwa in zan ɗauki abu, kar in bar tumbi ya dawo, sai mu sake hoto baɗi mu ga inda take.