Sharhi kan atisaye da tausar gida da aka koya mini don ɗana mai ɗauke da HIV

Ɗana yana da wata 19 lokacin da aka tura mu asibiti wurin likitar fisiyo, wato mai kula da motsin gaɓoɓi ta hanyar atisaye da tausa, domin har lokacin bai fara tatata ba, kuma idan na tsayar da shi sai ƙafafunsa su sandare su harɗe, ya dogara a kan yatsu. Likitar ta bayyana mini cewa ƙwayar cutar HIV tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana jariri, shi ya sa zama da rarrafe da tafiya sukan yi jinkiri, kuma atisaye ba ya maye gurbin maganin rage kaifin cutar, tare suke tafiya.

Abin da ta koya mini ba shi da wuya: tausar sharaɓa da cinya da ɗan mai a hannu, miƙar da agara a hankali ba tare da fizga ba, da ajiye abin wasa a kan kujera domin ya yunƙura ya kama. Ta gargaɗe ni da in dakata duk ranar da yake zazzaɓi ko fatarsa ta yi ƙuraje. Na fara ba tare da na sa rai ba, amma a wata na huɗu na shigo ɗaki na tarar da shi a tsaye, ya dafa gado, dundunniyarsa duka biyu a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. A ranar na yi kuka.

Sai dai duk lokacin da na so in yaba wa wurin baki ɗaya, sai in tuna zuwanmu na uku, ranar da likitar ba ta nan. Wadda ta karɓe mu tana duba katinsa sai ta ɗauko safar hannu har biyu ta saka kafin ta taɓa ƙafarsa, alhali yaron da ta gama dubawa a gabanmu da hannunta tsirara ta riƙe shi. Ɗana ba shi da rauni ko jini a jikinsa, kuma duk ma'aikacin lafiya ya san ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar taɓa fata. Yaron ya yi ta janye ƙafarsa saboda sanyin robar, ni kuwa kunya ta hana ni magana.

Atisayen ina ci gaba da shi safe da yamma. Asibitin kuwa, yanzu sai na tabbatar likitar farko tana nan kafin in fito daga gida.